Ƙofar Tsanwa

Duk wanda ya yi wata guda a layin nan ya san abu biyu game da Baba Mai Tsanwa: ba ya ba da aron motarsa, kuma fentinta bai taɓa koɗewa ba. Na farkon kowa shaida ne. Na biyun kuwa shi yake faɗa, mutane su ce haka ne, don babu mai lokacin ɓatawa wajen musu da shi.

Tsanwa sunan motar ne, 'yar motar ɗaukar kaya mai rufi. Da ita Baba ya yi shekara da shekaru yana kwashe wa mutane kaya in za su sake gida: gadaje, firiji, kujeru, har da wata tsohuwa da ta ƙi tashi daga kujerarta aka ɗauke su tare. Ya ajiye aikin, amma bai ajiye motar ba. Kullum da safe zai fito da bokiti da tsumma biyu, na wanki daban na gogewa daban. In tsautsayi ya sa ka gaishe shi ka tsaya, to ka shiga uku, sai ka ji yadda ya sayo ta fara fat kamar ta kowa, ya kai ta wurin mai fenti ya ce yana son launin da babu mai irinsa, aka kwana tara ana haɗawa.

"Duba nan," zai ce yana shafa gefenta. "Shekara talatin da ɗaya. Yadda ta fito daga gareji haka take har yau."

In ka matsa wa mutumin layin ya faɗa maka launin motar tsakani da Allah, zai ce kore ne da ya yi doguwar jinya. Amma a bayan idon Baba zai faɗa.

Tela shi ne mijin Auta, ƙaramar 'yar Baba. Shekara goma sha biyu da auren, Baba bai taɓa zaginsa ba. Abin da yake yi masa ya fi zagi ciwo. In Tela ya kawo shawara, Baba zai saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, sannan ya juya ya tambayi wani. Ko rigar da Tela ya ɗinka masa, sai ya kai wa wani tela ya duba ko hannun ya yi daidai. Abin yana cin Tela a rai, yana haɗiyewa, don yana son matarsa, kuma tsohon ma, in za a faɗi gaskiya, yana son sa.

Sai ga shi yanar ido ta matsa wa Baba, likita ya ce sai an yi aiki. Babban ɗansa, wanda kowa a gidan ke kira Yaya, ya zo zai tafi da shi wani gari na sati guda. Tela da Auta suka dawo gidan don su kula da shi. Ana shirin fita, Baba ya laluba aljihu ya zaro makullin Tsanwa. Yaya ya miƙo hannu. Baba ya tsallake hannun, ya danƙa wa Tela.

"Kowace safiya ka tada ta, ta yi minti goma, ka kashe. Kada ka motsa ta."

"To, Baba."

"Me na ce?"

"Kada in motsa ta."

Ranar nan Tela bai iya zura zare a allura ba don murna. Ya ɗinka wa makullin 'yar jaka ta musamman, ya rataya a wuya. Auta ta ce in ya ga dama ya yi masa hula.

Ranar farko komai ya tafi daidai. A rana ta biyu, yana zaune cikin motar injin na ɗumi, sai ya lura hantsi na dukan gefenta gaba ɗaya, alhali inuwar rumfa tana nan baya, taku biyu kacal. Tela ya san abin da rana take yi wa yadi. Ya hango Baba ya dawo ya tarar da motarsa a inuwa, yana tambaya wa ya yi wannan tunani, ana nuna masa mijin Auta. Wannan hangen ne ya kai shi ya baro.

Tsanwa ba ta da gilashin baya, madubin gefe kuma Baba ya saita shi daidai tsawonsa, Tela bai isa ya taɓa ba. Sai ya buɗe ƙofa, ya leƙa da kansa waje, ya sa ribas. Yana kallon tayar baya da kyau, ita kuma ba ta taɓa komai ba. Ƙofar da ya bari a buɗe ce ta kama ginshiƙin rumfa. Aka ji wata ƙara doguwa, mara daɗi, ƙofar ta lanƙwashe ta kalli gaba.

Auta ta fito da gudu, ta tsaya, ta dubi ƙofar, ta dubi mijinta.

"Ka motsa ta."

"Taku biyu ne kawai."

"Baban yara, ka motsa ta."

Ya sauko daga motar. Ba tsoron faɗa yake ji ba. Da Baba zai yi faɗa ma da sauƙi. Abin da ya hango shi ne Baba ya dubi ƙofar, ya gyaɗa kai, ya karɓi makullinsa ba tare da ya ce uffan ba, shi ke nan kuma har abada.

"Baba ai ba ya gani sosai," in ji shi da ƙaramar murya. "In an gyara da kyau, ƙila ba zai lura ba."

"Abin da ya je gyarawa ke nan," in ji Auta.

Fita da motar titi bai ma taso ba. Tsanwa ta fi wasu manyan mutane suna, kafin ya sha kwana ta biyu a kan titi labari ya isa gadon asibiti. Don haka ya kwance ƙofar, suka naɗe ta da zanin gado, suka sa a motar haya, ya kai wa mai gyaran jikin mota a can wani gefen gari inda ba a san shi ba. Ya roƙi mutumin ya yi sauri, ya tafi shagonsa ya sallami masu jiran ɗinki.

Mutumin kuwa ya yi saurin da ya wuce roƙo. Washegari da Tela ya koma, ya tarar da ƙofar ta miƙe sumul, babu alamar lotsawa. Sai dai daga sama har ƙasa, ciki da waje, launin toka ce.

"Ina fentin?"

"Wane fenti? Ai sai an kankare ake shafa na ƙasa. Ka kawo lambar launin, a fesa maka yau."

"Ba ta da lamba."

"Babu motar da ba ta da lamba."

"Wannan ba ta da ita."

Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce to sai ya kawo samfuri.

A hanyar komawa gida ne sana'arsa ta kawo masa ɗauki, ko kuma ya zaci ɗauki ne. Sau nawa aka kawo masa tsohuwar riga aka ce a nemo irin yadinta? Sabon shiga ne yake duba bayan riga. Wanda ya san aiki sai ya farke kalmasa, ya duba inda rana ba ta taɓa gani ba, sabulu bai taɓa ci ba, nan ainihin launin yake ɓuya. To mota ma dole tana da kalmasa. Ya zagaya Tsanwa sau uku yana leƙe-leƙe, har ya zo kan ɗan marfin ƙarfen nan da ake buɗewa kafin a zuba mai. Ya buɗe. Cikin marfin wani launi ne da bai taɓa gani a jikin mota ba, kore ne ba kore ba, shuɗi ne ba shuɗi ba, irin na wuyan toron agwagwa in rana ta haske shi. Ya kwance ƙusoshin biyu, ya jefa marfin a aljihu, yana jin kansa wani gwani.

Mai fentin da ya yi wa Tsanwa aiki yana nan da ransa, Baba ya ambaci wurinsa ya fi sau ɗari. Garejin a ƙarshen wani lungu yake, bayan masu walda. Gwangwanaye ne jere har rufi, yawancinsu sun bushe. Bangon da yake gwada feshi a kai ya yi kauri kamar katifa, in ka dubi inda ya ɓantare sai ka ga launi kan launi, ja a kan ruwan goro a kan shuɗi. Na saman duka fari ne. Shi kansa Mai Fenti dogon tsoho ne siriri, faratansa kowanne da launinsa, yana zaune kan tsohuwar kujerar mota yana kallon lungu.

Tela ya gaishe shi, ya jingine ƙofar, ya miƙa marfin. Tsohon ya juya shi, ya ga cikin, ya sunkuya a kansa har Tela ya fara tunanin ko barci ya ɗauke shi.

"Tana nan da rai?"

"Tana nan, Baba. Ƙofar ce ta ɗan samu matsala."

"Kai ne matsalar?"

"Ni ne."

Mai Fenti ya tashi ya fita da marfin bakin ƙofa inda haske yake. Daga nan ya fara magana, ba da Tela kaɗai ba, har da lungun.

"A da, mutum ba ya fita da mota yadda kamfani ya ba shi ita. Kunya ce. Wani ya zo min da hular kansa ya ce irin wannan. Wani da gashin tsuntsu. Akwai wanda ya kawo min kwalbar magani. Tun daga nesa za ka ce ga wane nan tafe, ba sai ka duba lamba ba. Na yi wa motoci sun fi ɗari huɗu, babu biyu masu launi ɗaya, kuma ban taɓa rubuta yadda na haɗa ko guda ba. Yanzu je ka tsaya bakin titi: fari, toka, baƙi, fari, toka, baƙi. Kowa tun ranar da ya saya yake tunanin ranar da zai sayar. Nawa kuwa duk sun tafi, wasu an yanka, wasu an fesa musu fari. Wannan kaɗai ta rage."

Ya dawo ciki, ya ɗora marfin a tafin hannunsa, ya juya shi sau biyu a gaban Tela.

"Wanne kake so, na ciki ko na waje?"

Tela ya dubi wajen marfin, wancan koren mai jinya. Ya ce a ransa, wannan ai fetur ne da yatsun masu gidan mai suka ɓata shi. Shekara goma sha biyu yana jin cewa fentin Tsanwa bai koɗe ba, maganar ta shige shi ba tare da ya sani ba. Ga kuma ilimin kalmasa yana yi masa ƙaiƙayi a baki.

"Na ciki mana. Ai ainihin launi a ciki yake. Mu ma haka muke yi a ɗinki."

"Haka kuke yi?"

"Haka muke yi."

"To madalla," in ji Mai Fenti, idonsa na wani ƙyalli da Tela ya ɗauka na girmamawa ne.

Kwana biyu tsohon ya yi yana haɗawa. Ba ya aiki sai rana ta take tsaka, ya ce hasken safe maƙaryaci ne, na yamma kuma ɗan'uwansa. Zai ɗiga shuɗi da tsinke, ya juya, ya shafa a gefen gwangwani, ya jira ya bushe, ya kara da marfin, ya yi tsaki, ya ɗiga wani abu mai kama da ruwan zuma. Tela na tsaye yana ƙirga kwanakin da suka rage a yatsu. Da aka fesa aka gama, ƙofar ta fito da kyan da har masu walda suka ajiye aiki suka zo kallo. Aka kara marfin a jikinta, ba ka iya cewa ga inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Tela ya naɗe ta da zanin gado ya nufi gida yana 'yar waƙa.

Shi da Auta suka ɗaga ta suka mayar. Ya ɗaure ƙusa ta ƙarshe, ya rufe, ta shiga daram. Suka ja da baya don su ga aikinsu.

Ƙofar tana sheƙi a jikin Tsanwa kamar sabon haƙori a bakin tsoho. Kafin yau motar tana da mutuncinta, tsohuwa ce mai tsafta. Yanzu ƙofar ta tona mata asiri tun daga hanci har wutsiya. A nan ne Tela ya tuna abin da kowane mai koyon ɗinki ya sani: ana duba kalmasa ne in sabuwar riga za a yi. Shi kuwa faci aka sa shi.

"Wannan ko makaho ya shafa zai ji bambanci," in ji Auta.

Ya koma garejin a guje. Mai Fenti na zaune inda ya bar shi.

"Ka san haka za ta fito."

"Na sani."

"Ka sani ka ƙyale ni?"

"Na tambaye ka, ka ce haka kuke yi a ɗinki." Tsohon ya sosa gemu. "Kuma kada in yi maka ƙarya, ɗana. Shekara talatin da ɗaya ban ga launin nan da faɗin ƙofa ba. Na so in gani kafin in mutu."

"To yanzu ka haɗa min na wajen."

"Na ciki ni na haɗa. Na waje rana ce ta haɗa, kuma ka ji shekarun da ta ɗauka. Je ka ba ta aikin."

"A fesa motar gaba ɗaya fa?"

"Kwana tara. Yaushe zai dawo?"

"Jibi."

"Allah ya ba ka haƙuri," in ji Mai Fenti, da alama har zuciyarsa.

Washegari Tela ya ƙudura sai ya tsofar da ƙofar nan a yini ɗaya. Duk abin da ya san yana kashe launin yadi ya gwada. Ya wanke ta da garin sabulu har sau shida. Ya shafa lemon tsami da gishiri. Auta ta kawo ruwan toka, ta kawo ragowar shayi, daga baya ta kawo bilic na wankin fararen kaya tana kawar da kai. Ya ɗauko madubin ɗaki ya jingine yadda zai tara wa ƙofar rana biyu. Aikin Mai Fenti kuwa aiki ne. Duk abin da suka shafa, in an ɗauraye sai ƙofar ta ƙara haske, kamar gode musu take yi. Abin da ya koɗe a ranar hannun Tela ne da zanin Auta.

Da safiyar ranar dawowa ya yi abin da ya rage masa, wato abin da ya iya. Ya ɗauko tef ya auna Tsanwa kamar mai ɗinkin biki: tsawo, faɗi, ƙirji, har da kunnuwa, wato madubai. Akwai bandir ɗin yadin labule mai manyan furanni da wata mata ta saya ta fasa, ya jawo shi. Keken ɗinki bai huta ba har azahar. Rigar ta zauna wa motar ɗas, da aljihu biyu na madubai da zif a baya. Ko a cikin tashin hankali Tela bai iya mugun ɗinki ba.

"Kwana nawa kake ganin za ta saya maka?" in ji Auta.

"Ko yini ɗaya ne ina so."

Ko minti goma ba ta saya masa ba. Da la'asar motar Yaya ta tsaya, Baba ya fito da baƙin tabarau, yana tafiya kamar wanda aka sake haifa. Yaya ya ce tun daga asibiti yake karanta kowane allo a bakin hanya da ƙarfi, har na masu gyaran taya. Maƙwabta suka biyo su tsakar gida suna sannu da jiki. Baba ya ɗaga tabarau ya dubi rufin rumfa ya ce akwai yanar gizo. Ya dubi 'yarsa.

"Auta, yaushe kika yi furfura?"

"Cikin satin nan, Baba."

Sannan ya juya.

"Wa ya sa wa motata riga?"

"Ni ne, Baba. Saboda ƙura da rana."

"A cire."

Tela ya zuge zif ɗin da hannunsa. Yadin ya zame ya faɗi ƙasa. Baba ya matso, ya cire tabarau gaba ɗaya, ya tsaya gaban ƙofar. Ya daɗe a tsaye.

"Wannan ba launin motata ba ne," in ji shi. Muryar ba ta da ƙarfin da aka saba ji.

Cikin maƙwabtan akwai mai shagon bakin layi, wanda ya fi kowa shan labarin kwana tara, don shi ba ya iya tashi ya bar shago. Ya yi gyaran murya.

"Baba, anya kuwa? Ni fa kamar na tuna ta haka ina yaro. Ko dai ƙofar ce daidai, motar ce ta koɗe?"

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Aka zuba wa Baba ido.

Hannun Tela na cikin aljihu, a nan ya ji ƙarfe mai sanyi. Marfin ne. Cikin saurin ɗinki ya manta bai mayar ba, gefen tankin kuma yana jikin bango, ba wanda ya lura. Abin da kawai zai yi shi ne ya zaro shi, ya kara a ƙofar. Kowa zai ga bai yi kuskuren launi ba, ko da ɗigo. Sau ɗaya a shekara goma sha biyu zai zama shi ne mai gaskiya, a gaban Yaya, a gaban layi gaba ɗaya. Ya so hakan, ya so shi sosai har yatsunsa suka kama marfin.

Sai ya dubi Baba. Bai taɓa lura tsohon ya ƙanƙance haka ba. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, idon da aka yi wa aiki yana ruwa, hannunsa ɗaya na kan motar kamar mai neman abin dafawa. In aka ƙwace masa maganar fentin nan, gobe da safe me zai fito ya faɗa wa mutane? Tausayi ya kama Tela. Ya saki marfin, ya fito da hannunsa wayam.

"Laifina ne, Baba. Ka ce kada in motsa ta, na motsa ta, na karya ƙofar. Launin kuma da ka na zaɓa. Mai fenti ya nuna min na daidai, na ce ni tela ne, na fi shi sanin launi."

Dariyar da aka danne ta samu hanya, ta fashe a kansa. Mai shago ya ce shi daga yau in zai kai ɗinki zai haɗa da ɗan rakiya mai ido. Wata ta ce yanzu ta gane abin da ya sami rigar mijinta bara. Yaya ya ce dama shi ya miƙa hannu a ba shi makulli, ya faɗa sau uku don kada wani ya rasa ji. Auta ta buɗe baki, Tela ya girgiza mata kai, ta rufe, ta shige ɗaki ranta a ɓace. Shi kuwa ya tsaya yana naɗe yadin labule, kunnuwansa na zafi. Ya san kafin sati ya zagayo maganar ta kai shagonsa.

Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce ya gaji, likita ya hana shi hayaniya. Mutane suka watse suna ta maimaita maganar ɗan rakiya, Yaya ya fita raka su. Tela ya cire jakar makulli daga wuyansa ya miƙa.

Baba bai karɓa ba. Ya zagaya motar a hankali, ya matsa ta jikin bango, ya dawo. Ya buɗe tafin hannu.

"Ba ni marfin."

Tela ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya zaro ya ba shi. Baba ya juya cikin marfin, ya kara a jikin ƙofar, ya riƙe shi a nan. Launi ɗaya ne.

"Ni nake buɗe shi da hannuna duk ranar da zan sha mai," in ji Baba. "Ban taɓa bari yaran gidan mai su taɓa ba. Kana zaton ban san abin da ke ciki ba?"

Tela ya dubi marfin a hannun tsohon.

"In na buɗe sai in kalla, in rufe da sauri." Baba ya shafa ƙofar da bayan yatsunsa. "Kada a sake taɓa ta. A bar ta haka. In an tambaya, kai ne ba ka san launi ba."

"To, Baba."

"Za su daɗe suna yi maka dariya. Za ka iya ɗauka?"

"Zan iya."

Baba ya gyaɗa kai, wannan karon bai juya neman wani ba. Ya ja da baya taku biyu, yana kallon ƙofar da sabon idonsa.

"Haka take ranar da na fito da ita," in ji shi a hankali. "Ni ma a lokacin haka nake."

Ya aiki Tela ya ɗauko abin ɗaure ƙusa. Baba ya riƙe marfin a mazauninsa, Tela ya ɗaure.